Jami'ar da ke jikin unguwarmu za ta sake gini: me za mu nema a zaman kwamiti?

Tambayar ta fito ne daga wani dattijo, tsohon shugaban makarantar firamare a wata unguwar Hausawa da ke gefen gari a jihar Jazira ta ƙasar Sudan. Ya ce jami'ar da suke maƙwabtaka da ita ta sha jiki a yaƙi: an cire ƙofofi da tagogi, an zare wayoyin wuta, wasu ɗakuna sun ƙone. Yanzu ana shirin gyara, an gayyaci mutum uku daga unguwa su zauna da kwamitin jami'a, an kuma nuna musu zane mai babbar ƙofa da ginin hukuma na gilashi da katangar da za ta zagaye filin duka, har ta toshe hanyar da suke bi zuwa gona. Ya ce su ba injiniyoyi ba ne, me za su ce in an zauna, kuma da me ya kamata a fara?

Baba Malam, Allah ya ƙara girma, ya mayar muku da mafi alherin abin da aka rasa. Sana'ata gini ce, na yi ta a nan gida na kuma yi ta a Saudiyya, kuma abin da zan fara gaya muku shi ne zanen da aka nuna muku ba shi ne tsarin ba. Hoto ne aka haɗa a kwamfuta don ya burge mai ba da kuɗi. Tsari na gaskiya takardu ne marasa ban sha'awa: taswirar da ke nuna tudu da kwari na filin, rahoton gwajin ƙasa, bayanin halin da kowane gini yake ciki, da lissafin abin da za a fara da abin da zai jira. Ku tambayi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. In aka ce ba a yi su ba tukuna, to ba a kai ga maganar ƙofa da gilashi ba, kuma ba sai mutum ya karanta injiniyanci zai iya faɗin haka cikin ladabi ba.

Akwai abin da ba ya jiran kwamiti. Madani, babban birnin Jazira, ta kuɓuce wa soja a Disambar 2023, ba ta dawo ba sai Janairun 2025, kuma duk filin da aka yi faɗa a kansa ko aka yada zango a cikinsa yana iya ɓoye gurneti ko rokar da ba ta tashi ba. Share irin wannan aikin cibiyar kawar da nakiyoyi ta ƙasa ne da masu taimaka mata daga Majalisar Ɗinkin Duniya, ba na leburan ɗan kwangila ba. Ku nemi a nuna muku a rubuce wane yanki aka duba, wane ya rage. Ba shugaban jami'a ne zai fara taka abin ba, yaranku ne masu kiwon awaki da masu tsintar ƙarfe. Haka nan farfasasshen rufin asbestos da ke kan tsofaffin ɗakuna: kada a bari kowa ya ɗauka gida ya yi rumfa da shi, ƙurarsa tana lalata huhu, cutar kuma ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa.

Game da ɗakunan da suka ƙone, za ku ji ana cewa a rushe a yi sabo. Wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci kuma ribar sabon gini ce ke magana. Baƙin hayaƙi a bango ba shi ke nuna gini ya mutu ba. Kankare yana da alamarsa: in zafin wuta ya kai wajen digiri 300 yakan sauya ya yi jaja-jaja, daga nan ƙarfinsa ke fara raguwa sosai. Injiniya zai duba zurfin wannan sauyi, ya huda ginshiƙi ya ciro gunduwa a kai ɗakin gwaji a matse ta, ya duba ko rodi ya fito fili ko ya lanƙwashe. Sau da yawa sai a ga ɗaki biyu ne suka tafi, sauran ginin lafiya lau. Ni kuwa ina jin tsoron rushe tsofaffin gine-gine fiye da yadda nake ɗokin sababbi. Babban ginin Jami'ar Khartum, wanda aka buɗe a 1902 da sunan Kwalejin Gordon, jan bulo ne mai kaurin bango da dogon rufi da baranda mai bakan gizo, an yi ta karatu a cikinsa shekaru da dama ba na'urar sanyi. Da aka yawaita jami'o'i a jihohi daga 1990, da yawansu a tsofaffin makarantun sakandare aka zaunar da su, irin Hantub da ke tsallaken kogi daga Madani. Waɗannan azuzuwa masu baranda sun fi gine-ginen da aka yi bayansu sanin zafin ƙasarmu. In jami'arku tana da irinsu, ku tsaya musu.

Yanzu ga inda nake so in daɗe, domin nan ne kuɗi ke nutsewa ba a gani. Ƙasar Jazira baƙar laka ce. Kun fi ni saninta: da rani ta dare har ƙafar ɗan akuya ta faɗa, da damina ta sha ruwa ta kumbura ta haɗe. Wannan halin da ya sa ta yi wa auduga daɗi shi ne ke karya gini. In ta kumbura tana ɗaga abin da ke kanta, kuma ba ta ɗaga shi daidai, gefen da ya jiƙe ya tashi, gefen da ya bushe ya zauna, sai bango ya tsage a karkace daga kusurwar taga zuwa sama, ƙofa ta ƙi rufuwa, daɓe ya yi tozo. Ƙananan gine-gine marasa nauyi su suka fi shan wahala, katanga kuwa ita ce ta farko, shi ya sa za ku ga katangun Madani da yawa suna rangaji kamar bugaggu. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta Jami'ar Khartum ta daɗe tana nazarin wannan ƙasa, maganin kuma sananne ne. Ana haƙa ramuka masu zurfi a zuba ginshiƙan kankare su wuce inda danshi ke sauyawa tsakanin rani da damina, a ɗora ginin a kansu, a bar sarari tsakanin ƙasa da gadar da ke ɗauke da bango don laka ta samu wurin numfashi. Ko kuma a kwashe lakar a cika da ƙasa mai tsakuwa a daddanne. Zurfin ba a ƙiyasta shi da ido, gwajin ƙasa ne ke faɗa, kuma kowane gini da nasa gwajin.

Na taɓa aiki a wata kwaleji, ba zan kama suna ba, inda sabon ɗakin taro ya tsage tun bai cika shekara biyu ba. Aka yi ta zargin siminti, aka yi ta zargin magini. Da muka tona sai muka tarar famfon alwala ne da aka kafa a jikin bango bayan an gama gini, ruwansa yana tsiyaya ƙarƙashin kusurwa ɗaya dare da rana. Famfon da kuɗinsa bai kai na buhun siminti goma ba ya ci ɗakin da aka yi shekara ana ginawa. Tun ranar, in na shiga fili, ruwa nake fara nema kafin in ɗaga kai in kalli gini: ina bututu ya bi, ina ramin bayan gida yake, ina indararo ke zuba. A irin ƙasarmu kowane gini yana buƙatar dakali mai faɗi da ya zagaye shi yana gangarar da ruwa waje, wurin alwala da tankuna kuma a ja su nesa da bango.

Wannan ne ya kawo mu katangar da ta dame ku, amma ta ɓangaren da watakila ba ku lura ba. Jazira shimfiɗe take kamar faifai. Ruwan da ke sauka a Madani wajen milimita 300 ne ko sama kaɗan a shekara, ba shi da yawa, sai dai kusan duka tsakanin Yuli da Satumba yake zuwa, lakar kuma da zarar ta haɗe ba ta ƙara sha. Ruwan sai ya bi ƙasa a hankali yana neman kwari. Katangar da ta zagaye fili mai fadan ɗari ko fiye (fadan ɗaya kusan eka ɗaya ne), ba ta da mafitar ruwa a gindinta, madatsa ce. Sannan in aka cika filin jami'a da ƙasa aka ɗaga shi don kada ya yi ambaliya, ruwan ba sama zai koma ba, gidajen da ke ƙasa da shi zai nufa, kuma gidajen laka ba sa jure kwana uku da ruwa a gindinsu. Don haka tambaya mafi tsada da za ku yi a zaman nan ita ce: ruwan damina na wannan fili, ina zai bi ya fita? A nuna muku a taswira da yatsa, har inda zai faɗa babban magudani. In hanyar ta ratsa unguwarku, to gyaran lambatun unguwar ya shiga cikin kuɗin aikin. Ba alfarma ba ce. Kwantaccen ruwa sauro ne, sauro kuwa bai san ɗalibi da ɗan unguwa ba, ga zazzaɓin dengi da kwalara da aka yi fama da su a shekarun nan.

Wani ɓangare na ruwan ma bai kamata ya fita ba. Rufi mai murabba'in mita 1,000 in ya samu milimita 300 ya tara lita 300,000 ke nan, duro 1,500 na lita 200, ko da an cire abin da zai ɓace. Tankin ƙasa da aka gina da kyau, nesa da tushen gini, zai shayar da itatuwa wata da watanni. Rijiyar burtsatse kuma a ɗora ta kan sola, ba kan wutar gwamnati kaɗai ba. Duk wanda ya zauna cikin yaƙin nan ya ga abin da ke faruwa in taransifoma ta tafi: ruwa ne ke fara ɗaukewa.

Sai inuwa. Ku je kowace jami'a a Sudan da ƙarfe ɗaya na rana a watan Mayu, zafi ya haura digiri 40, ku duba inda ɗalibai suke. Ba sa cikin filin ciyawar da aka zana a hoto. Suna ƙarƙashin darbejiya, kan ƙananan kujerun mai shayi, suna bitar darasi, suna gardama, suna raba kwanon ful, dafaffen wake. Rabin karatun jami'a a nan ake yinsa, amma da wuya mai zane ya ware masa kobo. Ni a wurina tsarin da bai nuna yadda ɗalibi zai tashi daga aji ya kai laburare ya kai masallaci cikin inuwa ba, bai gama ba. Jami'ar Sarki Saud da ke Riyad, da duk kuɗin da take da shi, da aka gina mazauninta a farkon shekarun 1980 dogayen hanyoyin ƙafa masu rufi aka sa suka zama ƙashin bayanta, kwalejoji suna rataye a jikinsu. Wannan ya kamata a kwaikwayo daga Saudiyya, ba gilashi ba. Bangon gilashi a can yana rayuwa ne da wutar da ba ta ɗaukewa. A nan, ranar da wuta ta tafi, ginin ya zama tanda, habub kuma, guguwar ƙurarmu, ta bi shi ta turɓuɗe, ba mai hawa ya wanke.

Ba sai an tsallaka teku ba ma. Asibitin zuciya na Salam da ke Soba, kudu da Khartum, wanda aka buɗe a 2007 ya kuma ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 2013, an yi shi da bangon bulo mai kauri ruɓi biyu, da ƙananan tagogi, da baranda mai asabari, iskar da ke shiga kuma sai ta bi wani lungu mai kwana-kwana a ƙarƙashin ginin ta zubar da ƙurarta tukuna. Dabarun masu sauƙi ne: tsawon gini ya miƙe daga gabas zuwa yamma, tagogi su kalli arewa da kudu, domin iskarmu daga arewa take zuwa da hunturu, daga kudu da damina, rana mai cizo kuma ta gabas da yamma take shigowa. Rufi ya fito ya yi wa bango malafa ta ɓangarorin biyu, tunda a nan da bazara rana takan karkata arewa. In rufin kwano ne, a yi shi hawa biyu iska tana ratsa tsakani. Gini irin wannan fanka da na'urar sanyi mai aiki da ruwa sun ishe shi mafi yawan shekara.

Itatuwa kuwa a dasa su a daminar farko, kafin a ɗora bulo ɗaya, domin gini wata goma sha biyu ne, inuwa shekara biyar. Darbejiya tana saurin girma, maɗaci da tsamiya suna jinkiri amma jikokinku za su zauna ƙarƙashinsu, bagaruwa tana jure kwari mai riƙe ruwa, aduwa da magarya ba su damu da fari ba. Miskit, itacen ƙayar nan mai yaɗo, kada ya shigo ko da kyauta ne, kun ga yadda ya cinye gonaki da bakin magudanai. Sai dai a kula: itace mai ƙishirwa in ya matsi bango yana tsotse danshin laka ta gefe ɗaya, ta tsuke, ginin ya zauna. A ba shi tazara kwatankwacin tsawon da zai kai in ya girma. Ciyawar ado kuma a taƙaita ta ga filin ƙwallo.

To, hanyar gona. Kada ku shiga zaman da cewa ba ma son katanga. Mutanen da aka kwashe musu kwamfutoci da na'urorin gwaji da littattafai suna da hujjar jin tsoro, kuma iyaye ba za su turo 'ya'yansu mata inda ba shinge ba. Amma ku tuna musu cewa katanga ba ta taɓa tare mai bindiga ba, mai akuya take tarewa. Abin da za ku kawo maimakonta shi ne a killace abin da ke buƙatar killacewa, ɗakunan gwaje-gwaje da ma'ajiya da masaukin ɗalibai mata, da katanga mai ƙarfi da mai gadi, sauran filin kuma a raba shi gida biyu hanyarku ta ratsa tsakani, ko a bar ƙofa biyu masu fuskantar juna da sa'o'in buɗewa sanannu. Wannan ya fi araha, domin katanga a kan baƙar laka, in za a yi ta yadda ba za ta faɗi ba, kuɗinta na iya gina azuzuwa. Kuma abin da jama'a za su iya amfana da shi, masallaci da ɗakin shan magani da filin ƙwallo da famfon ruwa da ɗakin taro, a jera su a bakin filin ta wajenku, kowanne da ƙofa ta ciki da ta waje. In aka binne su a tsakiyar jami'a, ko an yi alkawari da baki, mai gadi ne zai zama alƙali. Kada ku ji kamar roƙo kuke yi. Jami'ar Jazira tun kafuwarta a 1975 da wannan aƙida aka san ta, kwalejin likitancinta ta yi suna ne da tura ɗalibai ƙauyuka su koya a cikin jama'a.

Ku tafi da takardunku. Dokar 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati, kuma unguwanninmu da yawa, musamman waɗanda suka faro a matsayin kambo, wato zangon masu aikin auduga, sun fi takardunsu tsufa, in ma akwai takardun. Ku nemi a kawo kuruki, wato taswirar safiyo ta filin jami'a, da shahadar bahas, takardar da ke nuna mai filin, daga ofishin rajistar filaye, a fito a nuna turakun iyaka a ƙasa kuna tsaye. Sau da yawa katanga takan ci gaba da 'yan mitoci a lokacin gini, ba don mugunta ba, don ba wanda ya tsaya a wurin. Hanyar kuma a zana ta a cikin tsarin da faɗinta, faɗin da amalanken jaki biyu za su gifta juna, a rubuta ta a mahadar, takardar bayanin zama, kowa ya sa hannu, ku riƙe kwafi. Shugaban jami'a na yau mutumin kirki ne watakila, amma kujerar ba tasa ba ce.

Masaukin ɗalibai, dahiliya, ku sani galibi ba a hannun jami'a yake ba. Tun farkon shekarun 1990 asusun kula da ɗalibai na ƙasa ke riƙe da shi, don haka in ba wakilinsa a zaman, ku nemi a kira shi. Abin ya shafe ku kai tsaye: in aka gyara azuzuwa aka bar dahiliya, ɗalibai unguwarku za su kwararo neman haya. Masu ɗakuna za su ji daɗi, amma kuɗin haya zai tashi a kan talakanku, rijiyarku da ramukan bayan gidanku kuma su ɗauki nauyin da ba a yi su dominsa ba.

Batun aiki, a sa shi a cikin kwangila da adadi, kada a bar shi ga kirkin ɗan kwangila: leburori da magina da masu walda daga unguwa, jan bulo daga kaminoni, wato wuraren gasa bulo na bakin kogi, in ya ci gwaji, da matasan da za a koya wa haɗa sola da gyaran famfo, domin su ne za su rage bayan kamfani ya naɗe kayansa. Za a zo muku da maganar nafir, gayyarmu ke nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, ku yi gayyar dashen itatuwa da yashe lambatu. Amma aikin da aka riga aka biya wani kuɗinsa, kada a zo a karɓe shi a hannunku da sunan lada. Matan da ke sayar da shayi da abinci, waɗanda da yawansu 'ya'yanku ne da ƙannenku, a ware musu rumfa mai famfo da wurin zubar da shara a cikin taswira tun yanzu, in ba haka ba ranar buɗe sabon gini su ne za a fara kora don kada su ɓata hoto. Ku kuma tambayi wa zai riƙa gyara, da wane kuɗi. Mai ba da taimako yana son ya gina ya sa allon sunansa, ba ya son sayen kan famfo bayan shekara uku.

Shawarata ta ƙarshe kan yadda za a yi zaman: ku roƙa kada na farko ya kasance a ofis. A fito a zaga filin da ƙafa da tsakar rana, da injiniyan da mai zanen, sannan a sake zagawa washegarin babban ruwa na farko. Ku tafi da tsofaffin manoma biyu da suka san inda ruwa ke kwanciya tun kafin a kafa jami'ar, da mace ɗaya aƙalla daga masu bin hanyar da asuba.

Akwai kuma abin da ba injiniyan da zai gani a gwaji. A watannin da ba a iya kai gawa maƙabarta, mutane sun binne nasu a inda ya samu, a filayen makarantu da gefen hanya da cikin gidaje. In an yi haka a cikin filin jami'ar, ku ne kuka san wuraren, watakila kun san sunayen ma. Ku tara liman da dangin da suka rage, a yi wa kowane kabari alama a ƙasa da kuma a taswira, a sanar da hukumar lafiya da ke kula da tono da sake binnewa, kafin katafila ta shiga.